Tsatsar Kwanon Shagunan Baba

Gwandu,
9 ga watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Sirajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Khairiyya da yara, cikin rufin asiri. Allah ya tsare ku da sharrin baƙunta a Fatakwal, ya sa albarka a nemanka, ya raya mana Muzzammil da Rumaisa bisa tafarki nagari. Na fara da addu'a ne tun zuciyata tana da sauran sanyi, domin ban san yadda za ta kasance ba in na kai shafi na uku.

Mutanen gida duk lafiya. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwar nan, wadda takan hana ta zuwa asibiti amma ba ta taɓa hana ta zuwa suna ba. Hassana ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, an raɗa mata Ummulkhairi, kuma ta ɗauko hancin gidanmu, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Ruwa ya sauka sau ɗaya mai ƙarfi. Mutanen Malisa sun yi shuka, na Dalijan sun ce sai sun ga na biyu. Ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina, masu iya haddace waƙa goma a yini ɗaya amma jimla ɗaya ta gagare su.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Dalili shi ne na lura da wani ciwo da wayarka take da shi: muddin muna gaisuwa tana ji sarai, da zarar na ambaci shagunan Kalgo sai sabis ya ɗauke. Takarda ba ta da wannan lalura. Na ba Malam Abdulrahman, direban da ke kai albasa garinku, na kuma roƙe shi ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshe. Mutum ne mai haƙuri, kuma ya fi ka faɗin ƙirji.

Tunda shekara uku ke nan rabonka da gida, bari in tuna maka ginin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a bakin titin Kalgo. Ɗaki huɗu ne a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, babu silin, bangon tsakani kuma bai kai sama ba. Na farko na Kabiru tela ne. Na biyu na mai sayar da kayan masarufi. Na uku shi ne wanda ka zuba kayanka, ka datse da kwaɗo, ka tafi da mabuɗin, ka ce amana ce kada kowa ya taɓa. Na huɗu shi ne inda muka ajiye littattafan Baba, waɗanda ya yi shekara arba'in yana kwafa da hannunsa, da waɗanda ya gada daga kakanmu. A kan waɗannan littattafai nake rubuto maka. Rufin da ke kansu ne tsatsa ta ci, kuma saura ƙiris mu rasa su gaba ɗaya.

Bayan daminar bara aka fara ganin ja-ja a kwanon, daga wajen tsakiya. Na gaya wa Yaya Atiku a kira mai aikin kwano ya duba. Ka san yayanmu. Tun da ya yi ritaya babu sana'ar da bai iya ba, kuma babu wadda ya koya. Ya ce shi ne babba, shi zai yi wa rufin magani da kansa, kuma wannan aikin maza ne, karatu ba ya hawa tsani. Na yi shiru saboda girmansa, irin shirun da maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya.

Maganinsa na farko fenti ne. Ya sayo shuɗi, ya tsinka shi da kalanzir har ya koma kamar ruwan bula, ya sa aka shafe tsatsar da shi ba tare da an kankare komai ba. Na ce masa wannan daidai yake da a ɗaura wa mai ƙurji sabuwar riga a ce ya warke. Ya ce ni dai ban taɓa ganin abu na yaba ba. Wata ɗaya bai cika ba fentin ya fara ɗagowa kamar ɓawon gyaɗa, iska tana kwasa tana rabawa unguwa. Matar da ke suyar ƙosai a gaban shagunan ta zo har Gwandu ta nuna mini ƙosai mai shuɗin baya, ta ce masu saye suna tambayar ko na masu ciwon suga ne.

Magani na biyu daga madafa ya samo shi. Ya ga matarsa Fatiha tana dirzar tukunya da toka da yashi har tana ƙyalli, sai ilimi ya sauko masa. Ya ce tukunya ƙarfe ce, kwano ma ƙarfe ne, abin da ya yi wa ɗaya zai yi wa ɗayan. Don aikin ya fi na mata ƙarfi sai ya ƙara da kanwa, tiya guda. Ƙarti uku suka yi kwana biyu a sama suna dirza. Ba zan ɓoye gaskiya ba, rufin ya yi ƙyalli kamar tiren amarya, har masu babur suna rage gudu suna kallo. Yaya ya tsaya a gabansa da babbar riga aka ɗauke shi hoto, ya tura a zauren iyali na waya, kai ma na ga ka turo hannu mai jinjina. Ashe a ranar sabis ɗinka lafiya lau yake. Kwana goma bayan nan, rufin da a da tsakiyarsa kawai ke da ja ya koma ja tun daga wannan kusurwa har waccan, kamar an shanya barkono.

A nan mai hankali zai tsaya. Yaya Atiku ya je garejin makanikai ya zauna yini guda, ya dawo da hujja cewa bai taɓa ganin cikin inji ya yi tsatsa ba. Sai ga jarka huɗu na baƙin mai. Aka malale rufin da shi a tsakiyar zafin watan Afrilu, aka kuma ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi wai don kada iska ta ɗaga. Siraju, da ma kana nan ka ga ikon Allah. Ƙadangaru suna hawa suna sulɓowa, suna faɗowa a gaban masu wucewa da mamaki a fuskarsu. Da rana ta take sai man ya narke, ya bi ramukan ƙusa, ya fara ɗiga a cikin shaguna. Kabiru tela yana tsakiyar ɗinka wa wani ango farar shadda, ya fita salla ya dawo ya tarar da ita kamar zabuwa. Ya yi ƙoƙarin shawo kan angon cewa sabon yayi ne da bai iso Kebbi ba tukuna. Angon ya ce to a bar shi ya iso kan wani. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Namu babban ya hau tsani sau uku, abin da ya hango kawai shi ne kasuwar Kalgo.

Sai ruwan farko ya sauka, mako uku da suka wuce. Da gari ya waye ban ko karya ba na shiga motar Kalgo. Da na buɗe ɗakin littattafai sai ga abin da nake gudu. Ruwa ja, gauraye da baƙin mai, ya bi bango ya sauka a kan kanta, ya taru a ƙasa. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro gafaka da alheri, domin duk littafin da ke cikin gafakarsa ta fata ya tsira, sai dai wari. Guda ɗaya ne ruwan ya samu. Ba zan gaya maka ko wanne ne ba sai ƙarshen takardar nan, don in tabbata Malam Abdulrahman bai tsaya a banza ba.

Ranar ban nemi izinin kowa ba. Na tambayi mutanen kasuwa wa ya fi kowa sanin kwano a Kalgo, baki ya zo ɗaya a kan Malam Haliru. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne, ɗan gidan masunta, wanda ya ce ya bar ruwa ne saboda ya gaji da jiƙewa, sai ya koma hana wasu jiƙewa. Yaya Atiku ya iso yana huci, ya jingina masa tsani, ya fara ba shi tarihin jinyar da ya yi wa rufin. Malam Haliru ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce Allah ya saka da niyya. Amma bai ko kalli tsanin ba. Ya shiga ɗakin littattafai, ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya taka kujera ya shafa cikin kwanon da yatsa. Yatsan ya fito da jan gari mai damshi.

Ya ce mana tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama, wadda rana da ruwa ke kawowa, tana farawa daga bakin ƙusa da inda kwano ya hau kan kwano, kuma tana da haƙuri, takan yi shekaru tana aikinta. Akwai kuma ta ciki, wadda ke cin kwano daga ƙasa, ba a ganinta sai ta huda. Ya ce tamu ta ciki ce, kuma ba ta zuwa sai an ajiye mata abinci. Ya bi bangon tsakani da ido har inda jan ya fi duhu, sannan ya tambaya me ke cikin ɗakin da ke kulle. Yaya ya ce kayan ƙanenmu ne, amana ce, ba a buɗewa sai mai ita ya zo. Na ce masa littattafan Baba ma amana ce, kuma mai su ba zai dawo ba. Na tsallaka titi na aro guduma wurin mai faci. Bugu uku na yi wa kwaɗonka, kuma ina shaida maka na farkon ma ya isa, sauran biyun don kaina na yi su.

Takin zamani, Siraju. Buhu arba'in na takin zamani, ka jibge a ɗakin da ba taga, ƙarƙashin kwano, kana jiran ranar da zai yi tsada. Warin da ya tarbe mu sai da ya sa Yaya hawaye, abin da mutuwar akuyarsa mai tagwaye ma ba ta sa shi ba. Buhunan sun fashe, takin ya sha damshi ya narke, ya sake daskarewa ya zama dutse guda. Sikelin Baba da ka tura lungu ya koma dunƙulen tsatsa. Bangon baya, wanda na kwano ne, na sa yatsa na huda shi kamar takarda. Da na ɗaga kai kuwa sai na ga taurari da rana tsaka, rufin ya zama rariya.

Malam Haliru ya yi mana bayani, kuma ban taɓa jin malamin kimiyya ya yi wanda ya fi shi ba. Ya ce kowane kwano yana zuwa da farar riga a jikinsa, ita ke tsare ƙarfen. Taki in ya ji damshi yana fitar da tururi mai yaji, tururin ya tashi ya kwanta a cikin kwano tare da raɓa, ya cinye rigar, sannan ya shiga naman. Da ya gama da ɗakinka sai ya tsallaka ta saman bango ya shiga maƙwabta. Ya ce gishiri ma haka yake yi, shi ya sa a gidansu ba a ajiye shi ƙarƙashin kwano. Da aka zo kan kanwa da yashi, sai ya sunkuyar da kai ya ce su kuma sun tuɓe wa kwanon rigar sama, wadda ita kaɗai ta rage masa. Wato kai ka ci shi ta ciki, yayanka ya ci shi ta waje, kuka haɗu a tsakiya kamar masu haƙar rijiya ɗaya. Ka san abin da Yaya ya ce? Ya gyara hula ya ce shi dama tun farko jikinsa ya ba shi ciwon na ciki ne.

Yanzu bari in gaya maka yadda ake aikin in an ba mai shi. Da farko aka fitar da takinka da diga da shebur. Aka sauke duwatsu da tayoyin Yaya, aka tarar kowace taya ta riƙe ruwa ta zana zoben tsatsa a ƙarƙashinta. Aka wanke baƙin man da garin sabulu har sau biyu, domin fenti ba ya kama maiƙo, aka bar rufin ya bushe sarai. Fallen da ya huje, goma sha ɗaya, aka cire aka sa sabo, har da bangon baya, domin Malam Haliru ya ce ba a yi wa gawa allura. Sauran aka bi su da burushin ƙarfe da samfefa har sai da ƙarfe ya fito fari, aka share garin, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa a ranar, ciki da waje. Ya ce ƙa'idarsa ita ce kada ƙarfe ya kwana tsirara, don haka ba ya kankare abin da ba zai iya shafewa kafin la'asar ba. Tsofaffin ƙusoshi aka zare su aka sa masu hula da roba. Sai da jan ya bushe sannan aka bi da fentin sama, hannu biyu, da sassafe kafin kwano ya yi zafi. Ya kuma buɗe ƙananan kafofin iska a ƙarƙashin rufin don zufa ta riƙa fita. Allah ya taimake mu ruwa na biyu ya yi jinkiri. Yaya Atiku ya kafa kujera a inuwa yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi ke duba aikin. Na bar shi, domin kujera ba ta taɓa huda kwano ba.

Takinka kuwa na kai ƙararsa wurin Inna. Ta ce abin da aka yi don ƙasa a mayar da shi ƙasa. An farfasa shi, an loda a amalanke, an kai gonarta ta Masama. In dawa ta yi kyau za a aiko maka da tiya ɗaya, ka ga ribar jiran da ka yi.

Don kada ka ce na wanke kaina, ni ma ina da nawa kason. Ni ce na dage a kwashe littattafan daga soron Baba na nan Gwandu saboda gara, na ce ginin bulo da kwano ya fi aminci. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Shekara uku ina shiga ɗakin ina kaɗe ƙura ina duban ƙasa, ban taɓa ɗaga kai ba sau ɗaya. Yanzu suna ɗakina, a kan katako, inda nake ganinsu in na buɗe ido.

To ga maganar littafin da ruwa ya samu. Babban nan ne mai jan bango, wanda gafakarsa ta tsufa muka ce za a ɗinka masa sabuwa ba a ɗinka ba. Ka tuna a shafinsa na ƙarshe Baba yake rubuta haihuwar kowane ɗa, da rana da wata da shekara, da addu'ar da ya yi masa. Atiku a sama, sai ni, sai Hassana da marigayiya Usaina a layi ɗaya, sai kai a ƙasa. Littafin a tsaye yake a kan kanta, ruwan ya taru a gindinsa ya tsotsa sama. Karatun ciki bai taɓu ba, sai gefe. Amma a shafin ƙarshe ruwan ya haura daidai layi ɗaya ya tsaya. Sunan Yaya yana nan, nawa yana nan, na tagwaye yana nan. Inda Baba ya rubuta Sirajuddeen babu komai sai jan tabo. Na zauna a ƙasan ɗakin na yi kuka, ba don kai ba, don hannun Baba. Da na share hawaye kuma sai dariya ta kama ni, domin ban taɓa ganin tsatsa mai adalci irin wannan ba.

Na tambayi Inna ko ta tuna ranar. Ta ce ta san shekarar da gulbi ya cika ya shiga fadama ce, amma rana da wata sai dai a duba littafi. Yaya ya ce yana makarantar kwana a lokacin. Saura ni. Ina da shekara goma sha ɗaya, ni aka aika kiran ungozoma, na yar da takalmina ɗaya a hanya, kuma ina tsaye a bayan Baba lokacin da ya tsoma alƙalami. Na san ranar, na san watan, na san addu'ar da ya yi maka kalma da kalma. Alƙalaminsa yana wurina, tawada kuma ba ta gagara a Gwandu.

Falle uku na saman ɗakinka na hana a yi musu fentin sama. Jan farko kawai ke jikinsu, kuma Malam Haliru ya ce zai riƙe kamar mako shida, ba fiye ba. Gwangwanin fenti da burushi suna wurin Kabiru tela, tsani yana wurin Yaya. Ka zo ka hau da ƙafarka ka shafa musu hannu biyu. Ranar da ka sauko, a gabanka da gaban Inna, zan mayar da sunanka ƙarƙashin rubutun Baba. Kafin nan dai, bisa shaidar littafi, Hassana ce autar gidan nan. Ta riga ta ji labari, kuma tun shekaranjiya ita ke cinye ƙwan zabin da Inna ke ɓoye wa auta.

Ka gaishe mini da Khairiyya, ka ce mata ban ɗora mata laifin komai ba, na san abin da take haƙuri da shi. Ka shafa kan Muzzammil da Rumaisa, ka taho da su in makaranta ta ba da hutu, su ga hannun kakansu tun da sauransa. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka taho mata da man zafi. Yaya Atiku da Fatiha suna gaisuwa, Yaya ya ce in gaya maka ya yafe maka wahalar da ka ba shi. Hassana ta ce a gaishe da tsohon auta. Kabiru tela bai ce a gaishe ka ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma riƙe mana tsanin.

Addarka,
Ruƙayyatu.

Ƙunshin da ke tare da takardar nan kwaɗonka ne. Tunda mabuɗin yana wurinka, na ga gara su haɗu.